Zan je Lahore sarin yadi, ya ake kiran mutum da ladabi a Urdu?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Bayan sallah insha Allah zan je Lahore ta ƙasar Pakistan sarin yadi a kasuwar Azam, karo na farko ke nan. Ƙanen maigida ne zai raka ni, shi kuma ko Turanci bai cika ji ba. An ce in ɗauki tafinta, amma kuɗin ya yi min nauyi. Idan mai shago ya juya min baya yana lissafi, ko ina son tsayar da wata dattijuwa in tambayi hanya, me zan ce da ba za a ga rashin tarbiyyata ba? In na iya wannan da tambayar farashi, zan iya haƙura da tafintan?

Ɗan Kwari: Hajiya me ya kai ki Lahore? Faisalabad za ki je, can ne masaƙun suke.

Abu Huzaifa: Wa alaikumus salam. Sallama kawai ta ishe ki. Na yi kwana arba'in a markaz ɗin Raiwind, cibiyar masu Tabligh da ke kusa da Lahore, sallama ce ta shigar da ni ko'ina.

Ɗalibin Islamabad: Malam, markaz daban kasuwa daban. Anti, ki yi sallamar, sai ki ɗora da "suniye", wato a saurare ni, ko "zara suniye" in kina son ya ƙara laushi. Namiji sa'anki "bhai sahab", mace "baji", dattijuwa "amma ji" ko "khala", dattijo "chacha ji". In za ki katse mutum yana cikin aiki, ki fara da "maaf kijiye", wato a yi min afuwa. Farashi kuma "kitne ka hai". Suna da matakai uku na cewa kai ko ke: aap, tum, tu; aap ne na girmamawa, shi ke tafiya da "suniye". Ki riƙe aap ko da yaron shago ne. "Suno" na tum ne, sai ƙani ko aboki.

Na Gwammaja: Mu da muka tashi a gidan kallo ai mun gama digiri a wannan yaren. "Suniye ji" matan fim ke ce wa mazajensu. Hajiya ki kula, kar mai shago ya aiko da kayan lefe.

Alhaji Mai Atamfa: Ku bar wasa. Ni tafinta ne ya kashe min kasuwa, kuma ɗan gida ne, yaronmu da ke karatu can. Mun shiga shagon wani dattijo mai gemu ja da lalle, yana zaune a kan farin shimfiɗa, ya naɗe ƙafa, littafin bashi a cinyarsa. Har ya ɗaga hannu zai sa a kawo mana shayi, sai yaron nan ya yi masa tsaki irin wanda muke kiran mai acaɓa da shi, ya ce "oye". Wallahi na ga lokacin da hannun ya sauka. Bai yi faɗa ba. Ya dai ci gaba da rubutunsa, ya bar mu da yaron shago, shi kuma duk abin da na nuna sai ya ce babu. Ga bandir-bandir ɗin ina kallo a bayansa. Bayan mun fita ne wani maƙwabcinsa ya fahimtar da ni da guntun Larabci abin da ya faru. Abin da ya fi ci min rai, daga baya na gano duk shagon da yaron ya kai ni yana da kasonsa a kan kowane bandir. Rupi dubu 8 nake ba shi kullum, ban da abinci.

Ɗan Kwari: Dubu 8? An yanke ka Alhaji. Ni dubu 3 na biya.

Alhaji Mai Atamfa: Wace shekara? Kuma kai da ka ce Faisalabad kake zuwa.

Hajiya Damagaram: Ni ko sisi ban biya ba. Mai masaukinmu ya haɗa ni da ɗansa, na yi masa alheri da zan dawo. Ƙanwata, da "baji" da "bhai" da na'urar lissafi a waya na yi cinikina. Ki rubuta kuɗi, ya goge ya rubuta nasa.

Maman Ilham: Na gode Yaya. To dattijon da ya haife ni ma "bhai" zan ce masa?

Abu Huzaifa: Ki ce "Haji sahab", yana yi wa kowane mai gemu.

Ɗalibin Islamabad: Wannan kam gaskiya ne, ko "janab". Amma ku sani mutanen Lahore a tsakaninsu Punjabi suka fi yi, "oye" ɗin ma a bakinsu za ku ji shi tsakanin abokai. Baƙo ne bai kamata ya ara ba.

Alhaji Mai Atamfa: Ɗana, kai ɗalibi ne, kuma ɗalibi ne ya cuce ni. Karatun aji ba ya sayen yadi.

Ɗalibin Islamabad: Baba, ai ba ni na kai ka shagon ba.

Na Gwammaja: Alhaji ka ce masa "maaf kijiye" a wuce wurin.

Hajiya Damagaram: Ni duk wannan bai dame ni ba kamar masu dakon kaya. Na ba wani kayana a Lahore, ya ce ta Karachi za su bi jirgin ruwa, wata biyu sun iso. Azumi ya zo ya wuce, sallah ta wuce, sai da yayin zanen ya fita sannan aka kira ni.

Ɗan Kwari: Ke naki ma sun zo. Nawa bandir biyu ne suka yi ƙafa, aka ce wai a tashar Legas. Kilo nawa ya caje ki?

Hajiya Damagaram: Shi ba da kilo ya yi min ba, da buhu.

Alhaji Mai Atamfa: Da buhu? To ki turo min lambarsa ta akwatin sirri, in ji ko mutumin da nake nema ne.