Kakanmu tsohon sojan Boma ya rasu, ta ina zan fara rubuta tarihinsa?

Jikan Soja:
Salam jama'a. Kakanmu ya rasu kwanan baya, shekarunsa sun kai ɗari ko ma sun ɗan gota, yanzu an ce ni zan haɗa ɗan tarihinsa saboda yara masu tasowa. Mun san ya je Boma lokacin yaƙin duniya na biyu amma bai taɓa zama ya ba mu labari ba, in ka matsa masa sai ya ce shi ruwan sama da sauro kawai ya gani. A akwatinsa mun samu lambar girma mai siffar tauraro da wata takarda da ta kusa rubewa. Ku taimaka da shawara.

Malamin Tarihi:
Allah ya jiƙansa da rahama. In ƙyallen lambar ja ne a tsakiya da shuɗi da ruwan lemo a gefe to Burma Star ce, lambar da Birtaniya ta ba sojojin da suka yi yaƙi a Boma. Takardar nan kar ka ninke ta, ka ɗauki hotonta tukuna, mai yiwuwa ta sallama ce, za ka ga lambarsa da bataliyarsa. Runduna biyu aka kai daga Afirka ta Yamma, ta 81 wadda ta shiga kwarin Kaladan a 1944, sai ta 82 da ta biyo baya, su biyun suka haɗu aka karɓe garin Myohaung daga hannun Japanawa a Janairun 1945, shi ya sa ma akwai barikin Myohaung a Legas. Kuma maganar ruwa da sauro ba kauce maka yake ba, dajin Arakan, yankin Boma da suka yi yaƙin, babu hanyar mota, kaya a ka ake ɗauka, abinci ta jirgin sama ake jefo musu, zazzaɓi ya kwantar da mutane ba kaɗan ba.

Uwar Biyu:
Allah ya gafarta masa. Ɗana ni nawa ganin daban, yaƙin nan shekara nawa ne cikin ɗari? Mahaifina ma soja ne, wallahi abin da nake tunawa ba kaki ba ne, yadda yake jera takalmanmu na makaranta da dare yana goge su ɗaya bayan ɗaya, ga faɗa in ka makara amma in ɗayanmu ba lafiya shi ke kwana zaune. Ka je wajen gwaggonninka da waya ka kunna rikoda ka bar su su yi ta zuba, kar ka katse su ko sun saki hanya, mata sun fi riƙe irin wannan.

Jikan Soja:
Na gode Malam, na duba ƙyallen haka yake, takardar kuma akwai 82 a jiki. Mama kin tuna min, babbar gwaggonmu tana nan da hankalinta, ita ya fi hira da ita, ance har kalmomin Indiyanci yake koya mata tana ƙarama. Gobe in Allah ya kai mu ita zan fara samu.