Ina kuka fara cin karo da kalmar "discordant"?

Ɗan aji shida: Salamu alaikum. Jiya malaminmu ya zagaye min kalma ɗaya da jan biro. Na rubuta cewa ni da ƙanena "discordant" ne, nufina ba mu yi kama ba, shi fari ni baƙi. Sai ya rubuta a gefe: "Faɗa kuke yi?" Don Allah wanda ya taɓa haɗuwa da kalmar nan ya ba mu labari.

Tsohon malamin Turanci: Ɗana, malaminka bai zalunce ka ba. Idan rashin kama ne kawai, "different" ko "dissimilar" ta ishe ka. Ita wannan tushenta Latin ne: "dis" rabuwa, "cor" zuciya. Wato zukata ne suka raba gari. Kishiyarta "concord", wadda 'yan WAEC suka sani a darasin jituwar aikatau da mai aikatawa. Mu kuwa a jaridar National Concord ta marigayi Abiola muka fara saninta, tun 1980. A kiɗa ma ana amfani da ita: mai kalangu yana wani taken, mai algaita yana busa wani, kunne ya rasa wanda zai bi.

Mai jarida a bakin tasha: Wallahi Malam ka tuna min. Na daɗe ina ganin "discordant tunes" a kanun labarai, na ɗauka rigimar mawaƙa ce. Ashe jam'iyya ce ta rikice, shugaba ya ce gabas, kakaki ya ce yamma. Da zarar zaɓen fid da gwani ya matso, sai ka gan ta a jarida biyu ko uku rana guda.

Ma'aikaciyar jinya: Baba Malam, a yi min afuwa, amma a wajenmu ba kullum take nufin saɓani ba. A asibiti "discordant couple" na nufin ma'auratan da ɗaya ke ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, ɗayan kuma ba ya da ita. Sakamakon gwaji ne ya bambanta, ba zukata ba. Akwai wani magidanci da ya ga kalmar a takardarsu, ya duba ƙamus a waya, ya dawo ransa a ɓace: wa ya ce mana shi da iyalinsa ba sa zaman lafiya? Sai da muka zaunar da shi. Na yi masa bayani cewa muddin matar na shan maganinta a kan kari har ƙwayar ta daina nunawa a gwajin jini, ba za ta sa masa ba. Tun ranar na daina faɗin kalmar a gaban marasa lafiya, Hausa nake yi musu.

Ɗan aji shida: Na gode Anti, na gode Malam. Na mayar da ita "dissimilar". Ko da yake da malamin ya ga yadda muke kokawa a kan cajar waya, ƙila da ya bar min makina.