Mai kula da manhaja ya yi shiru bayan na gyara abin da ya ce

Assalamu alaikum. Na maƙale, ina neman shawara.

Akwai wani ƙaramin kunshin Python (wato 'yar manhaja da wani ya rubuta da Python, harshen rubuta manhaja) da aikina ya dogara da shi. Tun da na koma Python 3.12 ya daina tashi, saboda yana kiran distutils, wani tsohon ɓangare na Python wanda aka cire daga wannan sigar. Saƙon da yake fitarwa shi ne "No module named 'distutils'".

Na buɗe rahoton matsala a GitHub, shafin da ake ajiye manhajoji ana aiki a kansu tare, na sa sigar kunshin, tsarin kwamfutata, da layi uku da za su sake haifar da kuskuren. Sai na tura gyara. Mai kula da kunshin ya amsa sau ɗaya, ya ce in raba gyaran gida biyu in ƙara gwaji. Na yi a ranar, gwaje-gwajen atomatik duk suka wuce. Tun daga nan shiru kake ji, wata biyu ke nan. Na ambaci sunansa sau ɗaya cikin ladabi, ba amsa. Jiya kuma wani bot (manhaja mai aiki da kanta) ya liƙa wa gyaran alamar ya tsufa, wai zai rufe shi in ba motsi.

A yanzu ina girka setuptools, wani kunshi da ke samar da madadin distutils, don in lallaɓa, amma wannan toshe rami ne kawai. Na san mutumin aikin sa-kai yake yi, ba na son in zame masa ƙarfen ƙafa.

Me zan rubuta masa a karo na biyu da zai sa ya duba gyaran ba tare da ya ji ina matsa masa ba?