Me za mu kira "priority queue" da Hausa?

Jama'a masu harkar netwok ku zo mu yanke, ina nufin layin nan da ake ware wa murya a VPN, wato keɓaɓɓiyar hanyar da kamfanin sadarwa ke haɗa wa ofisoshi.

Ga yadda abin yake tukuna. Waya tana yanka magana gutsi-gutsi, kowane gutsure fakiti ake ce masa, yawanci duk milisakan 20 fakiti ɗaya, 50 ke nan a sakan guda. Imel in ya makara ba wanda zai sani, amma murya da jinkirinta ya haura milisakan 150 da hukumar sadarwa ta duniya ITU ta shata a ƙa'idarta G.114 sai ka ji mutum biyu suna ta katse juna, kowa na "kana ji na? kana ji na?". Shi ya sa ake buga wa fakitin murya tambarin EF (Expedited Forwarding), lamba 46 a DSCP, wato gurbin da ake rubuta ajin fakiti, in ya shiga MPLS ɗin kamfani kuma, tsarin da ke tura fakiti bisa lakabin da aka manna masa, bit 3 ne kacal a kan lakabin, aji 8, galibi sai a mai da shi 5. Hanya na cushewa, rauta, na'urar da ke raba wa fakiti hanya, ta fara sallamar masu wannan tambari.

Wani ya ce layin fifiko. Ba laifi, sai dai fifiko hawa-hawa ne, bidiyo ma ai an fifita shi a kan imel amma ba a nan yake ba.

Layin alfarma kuwa ya ba ni dariya wallahi, kuma ban yarda ba. Alfarma ai ƙetare doka ce, wannan ko da kuɗinka ka saya kuma an yi masa iyaka. Kira ɗaya a tsarin murya na G.711 na cin kusan kilobit 80 a sakan, in 800 ka saya to kira 10 ne, na 11 na shigowa a lokacin cunkoso rauta za ta fara zubar da fakiti ba ta tambayar na wane ne, duka kiran su lalace ba shi kaɗai ba.

Layin gaggawa ya fi kusa, don E ɗin EF ma gaggawar yake nufi, matsalar kawai Bahaushe na jin haka lambar kiran 'yan kwana-kwana zai tuna.

To a cire layi a sa sahu mana. Sahun gaggawa, ni dai a nan na tsaya.

Saura jita ("jitter"), wato fakiti ya zo yanzu da wuri an jima a makare. An kawo tangal-tangal, bai kwanta min ba tukun, mai wata ya ajiye a ƙasa.