"Ka ƙi naka duniya ta so shi": har da ɗiya 'yar shekara 6?

Uban 'Yan Mata, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi

Assalamu alaikum. Ina son manya su warware mini wannan karin magana: "Ka ƙi naka duniya ta so shi, ka so naka duniya ta ƙi shi." Ɗiyana biyu ne, duk mata, babbar shekararta 9 tana CE2, wato aji huɗu na firamare, ƙaramar 6. Gida ɗaya muke da yayata. In ta ga na zaunar da su bayan isha'i ina duba musu karatu, ko na hana a tashe su daga barci don wanke kwanukan dare, sai ta jefo mini wannan magana. Tana cewa gidan wani za su, in ban ƙi su yau ba uwar miji za ta ƙi su gobe. Yaya ita ta goye ni, ba na iya musu da ita. Amma nan ne magabata suka ajiye maganar?

Gwaggon Bagalam

Wa alaikumus salam ɗana. Yayarka ba ta yi ƙarya ba, sai dai ta ɗauko maganar daga muhallinta. Mu inda muka ji ana faɗinta shi ne ranar da aka kawo ƙara. Maƙwabciya ta shigo riƙe da hannun ɗiyarki, ta ce ta zagi babba ko ta fasa tulun mutane a famfo. Wata uwa za ta miƙe ta ɗaure zane ta ce ɗiyata ba ta yin haka. Wannan ita ce ta so nata. Daga ranar ba mai sake tsawata wa yarinyar a unguwa, kowa ya zuba mata ido, ta tashi ba mai gaya mata gaskiya. Wata kuwa za ta ce Allah ya huci zuciyarki, na gode, ta sa yarinyar ta durƙusa ta ba da haƙuri, ko da a ranta ta san laifin bai kai yadda aka faɗa ba. Ita ce ta ƙi nata, kuma ɗiyarta za ta shiga kowane gida a unguwar a ba ta hura. Ɗa na kowa ne, ai ka sani.

Amma kada ka ce aiki ba ya ciki. Ɗiya mai shekara 9 ta isa shara, ta isa wanke-wanke, ta isa ta zauna kusa da uwarta ta ga yadda ake surfe da bakace. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Madam ta Lakwal, Sabon Gari

Gwaggo, na yarda da bayaninki na farko ɗari bisa ɗari. Na biyun ne nake da magana a kai. Ban taɓa jin an jefa wa uba wannan karin magana don ya bar ɗansa namiji ya tafi ƙwallo bayan la'asar ba. Kullum a kan ɗiya mace ake tuna ta. Ku zo ajina ranar Litinin ko Juma'a, ranakun kasuwar Maraɗi, ku ƙirga bencin 'yan mata da ba kowa. Waɗanda suka zo kuma, wata tun asuba ta je makarantar allo, ta dawo ta ɗebo ruwa, ta wanke ƙaninta, ta kai koko bakin titi, kafin ƙarfe 8 ta iso aji. Kafin 10 kanta na kan tebur, alli a hannu, tana barci. In na kira uwar sai ta ce horo ne, Madam, ka ƙi naka duniya ta so shi. Tun watan Disamba na 2017 akwai dokar gwamnati da ta ce a kare ɗiya mace a tallafa mata ta ci gaba da karatu, amma doka ba ta shiga tsakar gida ta raba aiki tsakanin wa da ƙanwa.

Mai Awara, Mokoyo

Madam, ki yi mini aikin gafara, maganarki ta taɓa ni domin ni ce irin uwar da kike kira. Ba ƙin ɗiyata nake ba, kuma ban taɓa fakewa da karin magana ba. In ba ta ɗauki tire ta zagaya ba, wa zai fitar mini da awarar? Ni ba na fita. Cikin jikka guda da za ta kawo, waken gobe na ciki, man suya na ciki, dala ashirin nake jefa mata a asusu don kayan ɗakinta. Ranar da za a kai ta, dangin miji kwanuka da katifa za su duba, ba wanda zai tambayi takardar lakwal. Ku da ke ɗaukar albashi a ƙarshen wata ba za ku gane ba.

Madam ta Lakwal, Sabon Gari

Yaya, wallahi ba ke nake nufi ba, kuma na san zafin da kike faɗa, da tallar ƙuli-ƙuli aka saya mini littafin farko. Roƙona ɗaya ne, tiren ya jira a tashi daga aji, kuma ya dawo gida kafin magariba. Yarinya a tasha da dare tsakanin direbobi da 'yan kabu-kabu, wannan ba horo ba ne ko a wurin wa.

Malam na Limanci

Bari in sa baki ta fuskar addini, domin ina ganin kunya ce ta sa muka faɗaɗa wannan magana fiye da ƙima. A al'adarmu uwa ba ta kiran sunan ɗiyar fari, uba ba ya wasa da ita gaban mutane, wani lokaci ma da an yaye ta kaka ke ɗauka. Sai ya zama wanda ya ja ɗiyarsa a jiki ana ganin ya yi rashin ta ido. To, Annabi (SAW) ya yi salla ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Da wani ya gan shi yana sumbatar Hasan ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Kuma ya yi wa wanda ya reni 'ya'ya mata biyu har suka balaga albishir da kusanci da shi ranar ƙiyama, ya haɗa yatsunsa. Saboda haka ɗan'uwa, duba karatun ɗiyanka ba shagwaɓa ba ce. Shagwaɓa ita ce ta yi wa uwarta tsawa ka yi dariya.

Bagobira daga Tibiri

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne "gidan wani za ta". In duk tarbiyyar yarinya don uwar miji ake yinta, ashe duniyar da ke cikin karin maganar ta koma mace ɗaya ke nan. A ƙasar da fadar Maraɗi ke da Iya, ta Gobir ke da Inna, matan da ake jin maganarsu a sha'anin gari, bai kamata mu reni ɗiya kamar baƙuwar da ke jiran mota ba. Ni uwata ta hore ni sosai, na yi daka har hannuna ya yi kanta. Amma duk yammacin Alhamis takan sa kaina a cinyarta ta yi mini kitso, tana tambayata wa ya taɓa ni a makaranta, wa ya ba ni abu a hanya, me na ji a dandali. A nan ne na gaya mata abubuwan da ko da bulala ba za ta ji su ba. Yarinyar da ba ta san komai daga iyayenta ba sai tsawa, ranar da wani abu ya same ta a waje, shiru za ta yi.

Gwaggon Bagalam

Ɗiyata Bagobira, kitson nan mu ma mun yi wa namu, ba a faɗa ne kawai. Amma ina nan kan bakana game da aiki. Ɗana mai tambaya, ka bar su su yi barcinsu, kwanukan dare su kwana, da safe babbar ta wanke nata rabon kafin ta sa kayan lakwal. Kuma kada ka yi wa yayarka gardama gaban yaran, su ga an ƙi maganarta su raina ta. Ka same ta a ɗakinta, ka gaishe ta, ka ce Yaya ga abin da nake so ki taya ni.

Mai Awara, Mokoyo

Madam, tawa tana CM1, aji biyar. In na ce ta fara fita bayan an tashi da yamma, awara ta huce kuma masu sayen rana sun wuce. Wanta na nan shekararsa 13, amma ubansa ya ce namiji ba ya ɗaukar tire. Malam, in da hali ka yi wa iyaye maza wannan maganar a wa'azin Juma'a, daga bakinka za su fi ji.