Dashen hanta a jikin bera: in hantar ta zo a karkace fa?

Dan Ringim:
Slm yan uwa. Jiya ranar kasuwa ina zaune a rumfar Baffana yana fede akuya sai yake cewa shi tunda ya fara fawa ya sha cin karo da hanta mai karin kunne ko wadda ta manne a jikin tantani. Ni kuma naji ance a jikin beraye likitoci ke gwajin dashen hanta, to in suka bude suka tarar da irin haka ya ake karewa? Dan Allah masana a taimaka

Na Dambatta:
Hhhh mu muna neman shinkafar bera saboda rumbu, wasu kuma tiyata suke masa

Malamin Dabbobi:
Wslm. Baffa yayi gaskiya wlh, a bera ma ana samu. Wani likita mai suna Sun Lee ne ya fara dashen hanta a bera a 1973, sai Kamada da Calne a Cambridge suka saukaka shi a 1979 da dabarar zura jijiya cikin dan guntun bututun roba maimakon dinke kowacce da hannu. To kaga matsalar lokaci ne, daga sanda aka datse jijiyar da ke kawo jini daga hanji zuwa a hada sabuwar hanta ana so ne kada a wuce kamar minti 20 in ba haka ba beran tafiya yake. Wani beran zaka ga hantarsa ta yi tsiro ta tura cikin tantanin da ya raba kirji da ciki, ana yawan ganinsa a jinsin Fischer 344, kuma kusa da nan ne babbar jijiyar jini ta saman hanta take wadda galibi da hannu ake dinke ta, kana banbarowa tantanin ya huje iska ta shiga kirji shikenan. Shi yasa hantar mai bayarwa ake fara dubawa, in ta cika rikici a hakura da ita a dauko wani beran.

Yar Kazaure:
Malam madaciya fa, ita ma ana dasawa?

Malamin Dabbobi:
Babban jinsin beran gwaji (rat) da ake wannan dashen a jikinsa bashi da madaciya kwata kwata Hajiya, karamin jinsin (mouse) ne ke da ita. Magudanar ruwanta kawai ake hadawa da siririn bututu.

Dan Ringim:
Ikon Allah, na gode Malam. Na fada wa Baffa yace shi ba zai yarda ba sai an kamo daya ya fede da kansa.