Neman shawara: mayar da Glock 22 ta koma cin harsashin 9mm

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ƙaramar bindiga Glock 22 ta Gen 3 (ƙira ta uku) mai lasisi, tana cin harsashin .40 S&W. Harsashin ya yi tsada, kuma tana turo hannu da ƙarfi wajen atisaye. Zan iya mayar da ita 9mm ko sai na sayi wata? Wani ya ce in sa mata bututun Glock 17, wadda ke cin 9mm, kawai.

Maƙeri: Wa alaikumus salam. Za ta yiwu, amma kada ka bi shawarar nan ta bututun Glock 17. Kaurinsa ta waje bai kai na .40 ba, sai ya riƙa lilo a cikin ramin gaban silaid (ƙarfen saman bindiga mai zamewa gaba da baya), saiti ya lalace. Abin da za ka nema shi ne bututun sauyi, wanda aka ƙera da kaurin .40 ta waje amma raminsa na 9mm. Ka tabbata na Gen 3 ne, don na Gen 5 daban yake.

Sai magazin. Ka sayi na Glock 17. Leɓen magazin ɗin .40 ya fi faɗi, ba ya riƙe 9mm da kyau, musamman na ƙarshe-ƙarshe, sai harsashi ya miƙe tsaye ya maƙale.

Inda ake yawan samun matsala shi ne gindin kwanson harsashi. Na .40 faɗinsa kusan milimita 10.8 ne, na 9mm kuwa bai cika 10 ba. Fuskar silaid ɗinka an yanka ta ne don mai faɗin, saboda haka ƙugiyar da ke zaro kwanso ba ta damƙarsa sosai. Alamarsa ita ce kwanso ya tsaya a bakin tagar da yake fita ta jikin silaid, ko ya faɗo maka a goshi. In hakan ta yawaita, a sauya ɗan ƙarfen da ke tunkuɗo kwanso waje, a sa na 9mm, a kuma duba ƙugiyar.

Maharbi: Malam ya gama magana. Ƙarina ɗaya: silaid ɗin Glock 22 ya ɗan fi na 17 nauyi, harsashi mai rauni na giren 115 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne) wani lokaci ba ya iya kai shi baya har ƙarshe. Fara da giren 124. Kada ka taɓa sifirin ɗin da ke mayar da silaid gaba tukuna, sai ka harba kamar ɗari biyu ka ga halinta. Kuma inda harsashi ke sauka zai ɗan motsa, ka sake gwada saiti a mita 10 da mita 25.

A ganina, ta atisaye ce kawai. In don tsaron kai ka riƙe ta, ka mayar mata da bututunta na asali.

Mai tambaya: Na gode. To idan mutum na da 9mm yana son .40 fa?

Maƙeri: Wannan ba ta bututu kaɗai ba ce, ɗan'uwa, gindin .40 ba zai zauna a fuskar silaid ɗin 9mm ba. Kuma kada kowa ya ce zai faɗaɗa ramin bututu ko ya goge silaid, ƙarfen da aka rage shi ne ke riƙe matsin da ya kai psi 35,000 (psi ma'aunin matsi ne). Mafi sauƙin sauyi daga .40 shi ne zuwa .357 SIG, don gindinsu ɗaya, bututu kawai ake canzawa. Sai dai matsinsa psi 40,000 ne, kuma ya fi tsada, ba zai biya maka buƙata ba.

Mai horar da harbi: Ni abin da ya fi damuna shi ne cakuɗa harsasai. Bindiga ɗaya, bututu biyu, a nan hatsarin yake. 9mm yana shiga bututun .40, yana iya tashi kwanson ya kumbura ko ya tsage. Mafi muni, ya zame gaba ya tsaya cikin bututu, ka ɗora .40 a bayansa ka danna kunama. Don Allah kafin ka ɗura, ka karanta lambar da ke jikin bututun ta taga, ka shafa wa magazin ɗin 9mm fenti, kuma kada ka ɗora iri biyu a tebur ɗaya.

In arha kake nema, duba kayan sauyi zuwa ƙaramin harsashin .22 LR irin na kamfanin Advantage Arms: silaid ne cikakke da bututu da magazin nasa. Yana son harsashi mai gudu na giren 40, kuma yana saurin datti.

Maharbi: Ka duba takardar lasisinka kafin ka biya kuɗi. A dokar tarayya ta Amurka gangar jikin ce bindiga, bututu kaya ne kawai. A Jamus kuwa bututun ma sai an shigar da shi cikin takarda. Ƙasashe da yawa suna rubuta girman harsashi a lasisi, ka tambayi hukumar da ta ba ka.